“Na Biya, Ai Nawa Ne”: Wa Ke da Haƙƙin Zanen da Aka Bayar Jinga?

Gabatarwa

Marubucin da ya ba mai zane jingar bangon littafi, da shugaban makarantar da ya sa aka zana masa tambari, da ɗan kasuwar da ya biya aka tsara masa hoton da za a manna a jikin kayansa, dukkansu sukan tashi daga wurin ciniki da fahimta guda: tunda kuɗi sun fita, zane ya zama nasu ɗungurungum. Shi kuwa mai zane, sau da yawa bai taɓa zama ya tantance abin da ya sayar da abin da ya rage a hannunsa ba. Ba a jin kansu sai ranar da zanen ya yi daraja, wato ranar da aka sake buga littafin, ko aka ɗauki bangonsa aka yi fastar fim da shi, ko kuma aka ga mai zanen ya sayar wa wani da irinsa. A ranar ne ake gane cewa tun farko cinikin biri a sama aka yi.

Matsayin wannan maƙala shi ne, biyan ladan aiki yana mallaka wa mai jinga abin da aka ƙera da kuma amfanin da aka yi aikin dominsa. Ikon yaɗa zanen da juya shi da sayar da shi kuwa wata dukiya ce daban, wadda ta cancanci a ambace ta da sunanta, a yi mata farashi, a kuma rubuta. Dokar Nijeriya ta tsaya a kan haka, kuma ta yi daidai. Abin da ya rage shi ne masu ciniki da Hausa su san da wannan, su kuma sami kalmomin da za su yi cinikin da su.

Abin da Harshe da Al’ada Suka Riga Suka Sani

Wani ɓangare na ruɗanin daga kalma ya taso. Abin da ake rubutawa a shafin farko na littattafan Hausa shi ne “haƙƙin mallaka”. A kunnen Bahaushe kuwa, mallaka ita ce riƙe abu a hannu, kamar gona ko doki ko riga, kuma wanda ya biya shi ya mallaka. Abin da doka take karewa a nan shi ne ikon kwafar aiki da yaɗa shi da sarrafa shi zuwa wata siga. Wannan iko yana iya zama a hannun mutumin da ba shi da ko kwafi ɗaya na aikin a gidansa. Da yake kalma ɗaya ce take ɗauke da ma’anonin biyu, mai biya yakan ɗauka ya sayi duka a ciniki guda.

Sai dai al’adar Hausa ta daɗe da rarrabe tsakanin abu da fasahar da ke jikinsa. A sana’ar babbar riga, mai zane ne yake fitar da siffar a jikin yadi, sa’an nan mai ɗinki ya bi ta da allura. Alhajin da ya biya aka yi masa aska takwas ya mallaki rigarsa: ya sa, ya kyautar, ko ya sayar. Amma ba a taɓa jin ya je ya hana maɗinki yi wa wani aska takwas gobe ba, don kowa ya san riga ya saya. Haka abin yake a fagen waƙa. Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙoƙi, ya kuma sha kyauta a fadarsa, amma har yau waƙoƙin Narambaɗa ake kiran su. Kyautar da sarki ya bayar ba ta ɗauke sunan makaɗi daga kan waƙarsa ba. Harshen kansa yana ba kowa matsayinsa a jimla guda, kamar yadda ake cewa “rigar wane, ɗinkin wane”.

Akwai iyakar da wannan kwatanci yake tsayawa. Aska takwas da dagi gadon al’umma ne, maɗinki ma ba shi da ikon hana wani amfani da su. Zanen bangon littafi ko tambarin kamfani kuwa sabon abu ne da mutum guda ya ƙirƙira, kuma na’ura tana iya fitar da kwafinsa dubu kafin maɗinki ya zura zare a allura. Abin da al’ada ta bayar shi ne tushen fahimtar cewa biyan kuɗin abu bai haɗa da duk abin da ke tattare da shi ba. Tsara sauran ya koma wuyan doka.

Matsayin Doka

Nijeriya ta gwada amsoshin biyu. Dokar haƙƙin mallaka ta 1970 ta ɗauki aikin da aka bayar jinga a matsayin wanda haƙƙinsa ya koma hannun mai jinga. Dokar 1988 ta juya lamarin, ta bar haƙƙin a hannun wanda ya ƙirƙiri aikin sai in an rubuta saɓanin haka. Dokar 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta ci gaba a kan wannan turba. Sashe na 28 ya tabbatar da cewa haƙƙi yana fara sauka ne a kan mai ƙirƙira, sai in yarjejeniya ta faɗi wani abu daban.

Ƙa’idoji uku ne suke biye da wannan. Ta farko, miƙa haƙƙin ga wani kacokan, ko ba shi izinin da ya keɓanta da shi kaɗai, ba ya tabbata sai a rubuce. Ta biyu, izinin amfani wanda bai keɓanta da mutum guda ba yana iya tabbata da baki, ko a fahimce shi daga yadda mutanen suka yi mu’amala. Ke nan marubucin da ya biya kuɗin bango yana da damar buga littafinsa da shi ko da ba takarda, domin abin da aka yi jingar dominsa ke nan. Ta uku, haƙƙin a danganta aiki ga mai shi, da haƙƙinsa na ƙin yarda a ɓata aikin ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci, suna nan tare da shi muddin ransa, ko da ya sayar da sauran.

Dokar ta ware wasu wurare. Aikin da aka yi ƙarƙashin umarni ko kulawar gwamnati ko wata hukumarta, haƙƙinsa na gwamnati ne in ba a yi wata yarjejeniya ba. Wanda kuma ya sa aka ɗauke shi hoto ko aka zana surarsa don amfanin gida, kamar hotunan biki, yana da izinin amfani da su ta hanyar da ba ta kasuwanci ba, yana kuma iya hana mai hoton yaɗa su. Muhimmancin duk wannan yana fitowa idan aka duba tsawon wa’adin: haƙƙin zane yana ɗorewa har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Cinikin da aka ƙulla a cikin minti goma a bakin shago yana iya zama rigimar jikoki.

Ba ko’ina aka zaɓi wannan hanya ba. Dokar Ghana ta 2005 ta ba mai jinga haƙƙin cin moriyar aikin, in dai ba a ƙulla saɓanin haka ba. Saboda haka Bahaushe mai zane a Kano da ɗan’uwansa a zangon Kumasi suna iya yin aiki iri ɗaya, a biya su lada iri ɗaya, amma na Kano ya kwana da haƙƙinsa, na Kumasi ya kwana babu. Wannan ya nuna cewa amsar zaɓi ce da kowace ƙasa take yi, kuma zaɓi yana buƙatar hujja.

Ta fuskar shari’ar Musulunci, wadda yawancin masu wannan ciniki a ƙasar Hausa suke auna halaccin dukiya da ita, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne masu ƙimar dukiya, waɗanda bai halatta a keta su ba. In kuwa dukiya ne, to hukuncin ciniki ya hau kansu, kuma sananne ne cewa malaman fiƙihu suna sharɗanta a san abin da ake saye da sayarwa.

Darasi daga Shari’o’i Biyu

Shari’o’i biyu daga ƙasashen waje, waɗanda suka ƙare da sakamako mabambanta, sun fito da iyakokin matsalar fili.

Ta farko a Amurka aka yi ta. A 1985 wata ƙungiyar tallafa wa marasa matsuguni da ke birnin Washington, mai suna CCNV, ta ba wani masassaƙi ɗan Baltimore, James Earl Reid, jingar mutum-mutumin wasu iyali marasa gida. An amince cewa kuɗin aikin ba za su wuce dala 15,000 ba, shi kuma ya sadaukar da ladan hannunsa. Ba a rubuta kome ba, ba a kuma ambaci haƙƙin mallaka ba. Rigima ta tashi ne lokacin da ƙungiyar ta so ta zagaya garuruwa da aikin don neman taimako, Reid kuma ya ƙi, bisa hujjar cewa abin da aka yi shi da shi ba zai jure wahalar tafiya ba. A 1989 Kotun Ƙolin Amurka, da bakin Mai Shari’a Thurgood Marshall, ta yanke ba tare da saɓani ba cewa Reid ɗan jinga ne mai zaman kansa. Da kayan aikinsa ya yi, a wurin aikinsa, kuma ba albashi ake biyan sa ba. Saboda haka biyan kuɗin bai mayar da ƙungiyar mai haƙƙin aikin kai tsaye ba, duk da cewa ita ta kawo tunanin, ta kuma riƙa sa ido a kan aikin. Kotun ta bar ƙofa a buɗe a duba ko gudummawar ƙungiyar ta kai ta zama abokiyar tarayya a haƙƙin.

Ta biyu a Ingila. A 1988 wani kamfanin talla ya ba mai zane Ross Evans aikin haɗe tambura biyu na takalman Dr Martens da AirWair su zama ɗaya, aka biya shi fam 15 a kowace awa. Nan ma ba a rubuta wanda zai riƙe haƙƙin ba. Bayan shekaru, Evans ya miƙa haƙƙin tambarin ga wani kamfanin takalma na Ostireliya mai suna Raben. Kamfanin Griggs, mai yin takalman, ya kai ƙara, a 2005 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cewa ko da yake a zahirin doka Evans ne ya fara riƙe haƙƙin, moriyarsa ta Griggs ce. Hujjar kotun ita ce, babu ɗan kasuwar da zai biya a zana masa tambari alhali mai zanen yana da ikon sayar da shi ga abokin hamayyarsa, kuma da an tambayi ɓangarorin biyu ranar ciniki, da sun ce ai wannan ba ya buƙatar faɗi.

Hukuncin kotunan waje ba ya ɗaure kotun Nijeriya, ko da yake takan dube shi don ƙarin haske. Darasin da ke ciki shi ne, irin aikin ne yake nuna yawan abin da biya ya saya. Tambari shaidar mutum ce a kasuwa, amfaninsa duka yana cikin keɓantarsa, don haka raba shi da mai jinga tamkar rushe cinikin ne. Mutum-mutumi ko zanen bango kuwa yana da rayuwa a wajen buƙatar wanda ya biya. Darasi na biyu ya fi ɗaci: a duka shari’o’in an ɓata shekaru da dukiya a kan abin da layi biyu a takarda za su iya warwarewa tun ranar farko.

Hujjar Mai Biya da Amsarta

Mai biya yana da hujjar da bai kamata a raina ba. Shi ya kawo buƙata, sau da yawa shi ya kawo tunanin, shi ya ɗauki kasadar asara. In littafi bai karɓu ba, mai zane ya riga ya karɓi nasa, marubuci ne zai kwana da kwalayen da ba a saya ba. Darajar da tambari yake samu kuma daga ingancin kaya da kuɗin talla take zuwa. Alamar Nike, wadda wata ɗaliba mai suna Carolyn Davidson ta zana a 1971 a kan dala 35, ba kyawunta kaɗai ne ya kai ta inda take ba. Me zai sa wanda bai zuba jari ba ya dawo neman rabo ranar da aka ci riba?

Amsa ta farko ita ce, dokar ba ta hana mai biya mallakar kome ba. Abin da ta ce kawai shi ne ya faɗi abin da yake so, ya biya, ya rubuta. Tambayar gaskiya ita ce, idan aka yi shiru, wa ya kamata shirun ya cutar? Ya fi dacewa nauyin magana ya hau kan wanda ya san abin da zai yi da aikin. Marubuci ne ya san ko yana da niyyar sake bugu, ko sayar da labarin ga masu fim, ko sa littafin a manhajar karatu ta intanet. Mai zane bai san wannan ba, kuma a bisa bugu ɗaya ya yanke farashinsa. In doka ta ce shiru ya miƙa kome, to an ba mai ƙarfi damar karɓar abin da bai taya ba.

Amsa ta biyu ta shafi daidaiton ƙarfi. Mai zane a kasuwar littattafai ko ta fim galibi matashi ne mai neman na yau, wanda ba shi da lauya, kuma yana tsoron in ya tsananta a kai aikin shagon gaba. Haƙƙin da doka ta bar masa shi ne kaɗai abin da zai iya ɗorawa a kan ma’auni. Labarin Nike ma yana da ƙarshen da ya kamata a lura da shi: a 1983 kamfanin ya ba Davidson kyautar zoben zinariya da hannun jari. Karamci ne abin yabo, amma karamci ne kawai. Michael Taiwo Akinkunmi, wanda zanensa ya ci gasar tutar Nijeriya a 1959 aka ba shi fam 100, sai a 2014 ya sami lambar girma ta ƙasa. Ba wanda zai ce tutar ƙasa ta zauna a hannun mutum guda, amma labarinsa yana nuna tsawon jiran da ke gaban wanda ya dogara da a tuna da shi.

Sai dai adalci yana da fuska biyu. Mai zanen da ya karɓi kuɗin tambari, sa’an nan ya fake da rashin takarda ya tatsi mai jinga, ko ya sayar wa maƙwabcinsa da irinsa, ya ci amana ko da harafin doka ya ba shi mafaka. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Inda Abin ya Shafi Masu Nazarin Hausa

Adabin kasuwar Kano, wanda ya bunƙasa tun daga shekarun 1980, ya ginu ne a kan marubuta masu buga littattafansu da kansu. Kowane littafi yana da bango, kowane bango yana da wanda ya yi shi, tun daga zanen hannu na farkon lokacin har zuwa haɗin hotuna a kwamfuta. An yi nazari mai yawa a kan jigogin waɗannan littattafai da marubutansu, amma masu zanen bangon ba su sami kaso daidai da aikinsu ba. Yanzu da ake ɗaukar hotunan tsofaffin littattafai ana adana su a intanet, ana kuma sa bangwayensu a maƙalu da kundayen digiri, tambayar wa za a nemi izininsa ta iso ƙofar manazarta. Izinin marubuci ba lalle ne ya wadatar a kan bango ba.

Akwai ayyuka uku da suka dace da sassan Hausa na jami’o’i. Na farko shi ne aikin kalmomi: a samar da sunaye tsayayyu da za su raba mallakar abu da haƙƙin kwafa, su raba miƙa haƙƙi da bayar da izini, su kuma raba izini keɓantacce da wanda ake tarayya a cikinsa. Muddin “na sayar maka” ce kaɗai jimlar da ake da ita, saɓani ba zai ƙare ba. Na biyu shi ne tsara gajeriyar takardar jinga da Hausa, a boko da ajami, tare da haɗin gwiwar malaman shari’a da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya da ƙungiyoyin marubuta. Ba ta buƙatar wuce shafi guda. Ta faɗi abin da za a zana, da inda za a yi amfani da shi da tsawon lokacin, da ko haƙƙin ya koma hannun mai jinga bayan an gama biya, da ko za a miƙa asalin fayil ɗin da ake iya gyarawa, da ko mai zane zai iya nuna aikin a cikin samfurin ayyukansa, da kuma inda za a rubuta sunansa. Na uku shi ne gyaran ɗabi’ar nazari: duk inda aka san mai zanen bango, a ambace shi kamar yadda ake ambaton marubuci da maɗaba’a, a kuma nemi waɗanda suke raye a tattara tarihinsu. Mujallu da sassan da suke bayar da jingar tambari da bango su fara da kansu.

Za a ce neman takarda tsakanin mutanen da suka san juna alama ce ta rashin yarda. Amma aya mafi tsawo a Alƙur’ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, kuma tsakanin muminai aka yi umarnin. Rubutu yana tsare zumunci ne daga mantuwa da mutuwa da magada waɗanda ba su halarci ciniki ba.

Kammalawa

Amsar tambayar da ke kan wannan maƙala, a ƙarƙashin dokar Nijeriya, ita ce mai biya ya mallaki abin da aka miƙa masa da amfanin da aka yi jingar dominsa, haƙƙin kwafa da yaɗawa kuma yana hannun mai zane har sai ya miƙa shi a rubuce, sunansa kuwa ba ya cikin abin sayarwa. Wannan tsari ya dace da yadda Bahaushe ya saba raba riga da ɗinkinta, ya kuma ɗora nauyin bayani a kan wanda ya fi sanin abin da yake nema. A aikin tambari, hikima ita ce mai jinga ya sayi haƙƙin gaba ɗaya, ya biya farashinsa. A sauran ayyuka, a faɗi iyakar amfani tun kafin a karɓi kafin alƙalami.